Naman Wake a Gidan Inna

Ɗana na fari ne, don haka a gaban surukaina ba na ɗaukarsa, ba na kiran sunansa, ko faɗuwa ya yi sai dai in kawar da kai. Haka na tarar ana yi. Kakarsa, Inna Saude, uwar mijina, ita ta sa masa Maiwada.

Tun da ya fara cin abinci ya shiga zawo. Cikinsa ya kumbura, ƙafafunsa suka zama kamar kara. A shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a muka kai shi asibiti a Gusau, ni da mijina Saminu. Likita ya ce hanjinsa ba ya karɓar alkama, kuma ba zai taɓa karɓa ba: ba burodi, ba biskit, ba taliya, ba fanke. Nama ma, da yake amai yake sa shi, ya ce a dakata sai cikin ya warke. Ya ce in nemi waken suya.

Wata mai awara a unguwarmu a Kaura Namoda ta koya mini. In jiƙa waken, in kai markaɗe, in tace, in dafa ruwan. Idan ya tafasa in zuba ruwan tsami, sai ya dunƙule. Daga nan na ƙara nawa: in matse shi a ƙyalle har ya tsane, in marmashe da hannu, in soya da man gyaɗa da albasa da tattasai da daddawa, har ya yi ja kamar dambun nama. Da tuwon shinkafa yake ci, ko na dawa. Kafin damina ta wuce zawon ya tsaya. Yaron da ba ya iya zama ya fara bin kaji.

Sai lokacin yaye ya zo. A gidansu Saminu, kaka ce ke yaye jikan fari. Aka ce in kai shi Moriki wurin Inna ana gobe Babbar Sallah, in baro shi.

"Ka faɗa wa Inna zancen alkamar?" na tambayi Saminu.

"Na faɗa mata."

"Me ta ce?"

Ya sosa ƙeya. "Dariya ta yi. Ta ce likitocin yanzu tsoratarwa gare su."

Na soya naman waken nan cike da samira, na shiga motar mata da yaron, Saminu ya shiga ta maza.

Ranar Sallah tsakar gidan Inna ya cika da 'ya'yanta da matan 'ya'yanta. An yanka rago, ana ta suya. Ni ina gindin murhu ina wanke kayan ciki, na juya wa yaron baya kamar yadda ya kamata, amma kunnena yana wajensa.

"Zo nan, mijina," in ji Inna. "Wai kai ne ba ka cin nama? Wane irin ango ne wanga, ba tsoka ba ƙashi? In ba ka yi ƙiba ba, sakin ka ni kai!"

Aka yi dariya. Ta buɗe samirata, ta ɗanɗana, ta jinjina kai.

"Wanga abu na Lubabatu da daɗi. Amma ai ba a ci nai gaya. Ku miƙo min taliyar da na murza ma angona."

Na waiga. Taliya ce 'yar murji, tana ta ƙyallin mai. Tun jiya take murza ta da hannunta, duk da ciwon da ke wuyan hannun. Ta zuba naman waken a kai, ta cakuɗa, ta ɗibo. Saminu yana waje wurin fiɗa. Matan nan babu wadda ta ga yaron lokacin da yake kwance yana zawo. Ni kaɗai na san abin da lomar nan za ta mayar da shi.

Yaron ya buɗe baki.

Ban san lokacin da na tsallake murhu ba. Na riƙe hannun Inna da hannuna mai jini, na janye yaron, na rungume shi a gaban kowa.

"Inna, don Allah kar ki ba shi. Ɗana ne. Na ga yadda ya kusa mutuwa."

Wata ta ce, "Innalillahi, ɗan fari!" Inna ta dubi hannuna a kan nata. Na saki.

"Ɗiya bakwai na yaye cikin gidan ga," ta ce a hankali. "Ba a taɓa ƙwace abinci daga hannuna ba."

"Ki yi haƙuri, Inna." Na durƙusa, amma ban sauke shi ba.

Ta tashi ta shige ɗaki. Yinin nan ba wadda ta ƙara yi mini magana. Na dafa masa shinkafa da kaina, na ba shi a bayan rumbu, ina kuka.

Washegari na ɗaure kayanmu. Na riga na yanke: ko da za a ce ba ni da kunya har in mutu, da shi zan koma. Ina goya shi Inna ta fito.

"Ina za ki da shi?"

"Gida, Inna."

Ta daɗe tana kallon ƙafafunsa da suka fara cika.

"Saminu ya ce har kin ɗauka yaron ga ya tahi."

"Sau biyu na rufe masa ido, Inna."

Ba ta ce ta yafe ba. Ta kira wata jikarta, ta aike ta kasuwa ta auno waken suya.

"Sauke shi," ta ce. "Ba za ki tahi ba sai na iya. Ke ki faɗi, ni in yi. Kuma ki faɗi duk abin da ba ya ci, da ƙarfi, kunnena ya yi nauyi."

Na sauke shi, na je na ɗauko ƙwaryar jiƙa wake.