Ɗiyar Ajuji

Ranar Lahadi da hantsi aka haifi yarinyar, bakwaini, aka sa ta a kwalba. Da a gida Damagaram ne, sai Lahadi mai zuwa za a raɗa mata suna, bayan an raba goro an yanka rago. A Faransa kuwa kwana biyar doka ta ba uba ya je ofishin magajin gari ya rubuta sunan da yaro zai ɗauka har tsufansa. Yau Juma'a, kwana na biyar, kuma ƙarfe biyar saura kwata ake rufe ofishin.

Zailani ya san haka sarai. Duk da haka ƙarfe bakwai na safe ta same shi cikin jirgin ƙasa mai zuwa Paris daga Lyon, garin da suke zaune, da takardun asibiti cikin jaka bisa cinyarsa. Ya ce wa matarsa Balkisa goron suna zai sayo a Château Rouge, unguwar 'yan Afirka a Paris, don na Lyon duk ya bushe. Gaskiyar ita ce wurin kawunsa za shi.

Tun ranar Litinin mahaifiyarsa take kiransa daga Damagaram, safe da yamma, maganar guda ce.

"Ayashe za ka rubuta a takardar. Liman ya raɗa mata wanda kuke so ranar Lahadi, ban hana ba. Amma na takarda, Ayashe."

"Inna, a yashe ta fa ke nan. A ce ɗiyata abin yasarwa ce?"

"Kai da aka ce maka Ajuji, me ya cinye ka? Biyun farko kun sa musu sunaye masu daɗi, kun rubuta a takardar Nasara. Ina suke?"

'Ya'yansu biyu na farko take nufi. Mika'il mako uku ya yi a duniya. Najla kwana goma sha ɗaya.

Shi kansa ba Zailani ne a fasfo ɗinsa ba. Inna ta binne 'ya'ya huɗu kafin shi, don haka da aka haife shi aka kai shi bisa juji aka ajiye kamar abin da ba a so, sannan aka ɗauko shi, wai don mutuwa ta raina shi ta wuce. Liman ya raɗa masa Zailani, amma a gida Ajuji kowa ke ce masa. Ranar da kakarsa ta kai shi lekwal, makarantar boko, mushe mai koyarwa ya tambayi sunan yaro, ta faɗi wanda ta sani. Daga rajistar lekwal sunan ya shiga takardar haihuwar da aka yi masa daga baya, ya shiga difloma, ya shiga fasfo, har katin da yake ratayawa a wuya a ɗakin gwajin ruwan sha inda yake aiki. Turawa ba ruwansu, suna ne kamar kowane. Hausawa ne matsalar. 'Yan ajinsu sun shekara shida suna zuba masa ɓawon gyaɗa bisa tebur, suna cewa ai wurinsa suka kawo. Ranar da aka je neman auren Balkisa ya ji gwaggonninta suna ƙyalƙyala dariya bayan labule. Tun yana saurayi ya rantse babu ɗansa da zai ɗauki irin wannan suna a takarda. Ga wannan yarinyar Hamdiya ya zaɓa.

Ya kasa zama a jirgin. Ya tashi ya sha ruwa, ya dawo, ya buɗe jaka ya duba takardun, ya rufe, ya sake buɗewa. A Paris ya shiga metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya fita ta ƙofar da ba ita ba, sai da ya zagayo ta bayan masu sayar da kifi.

Shagon atamfar kawunsa, Alhaji Ibrahim Khalil, ƙanen Inna, majalisa ce ta 'yan Nijar. Ko da safe akwai mutum uku a ciki suna shan shayi, kuma babu wanda ake kira da sunansa na yanka. Akwai Alhaji Orly, wanda ya yi sallama da kowa zai tafi Makka shekara goma sha biyu da suka wuce, aka mayar da shi daga filin jirgin Orly saboda fasfo ɗinsa ya ƙare, har yau bai je ba. Akwai Sai-Gobe, tela. Akwai wani dogo da ake ce wa Bakin-Ƙofa, don nan yake zama a masallaci, ya riga kowa fita.

"A'a, Ajuji na Lyon!" in ji Alhaji Orly. "Barka, barka! Allah raya. To me za a sa wa ɗiyar juji? Shara?"

"Kai dai je ka Makka tukuna, Alhaji, sannan ka raɗa wa 'ya'yan mutane suna," in ji Sai-Gobe.

"Ka ba ni wandona na sallar bara, in sa in tafi."

Suka yi dariya. Zailani ya yi yaƙe, ya gaisa da kowa yadda ya kamata, ya tambayi iyali da sanyi, idonsa na kan agogon bango. Kawu ya lura, ya ja shi ɗan ɗakin baya, tsakanin bandir-bandir na shadda.

"Kawu, kai kaɗai Inna ke jin maganarka. Ka kira ta. Ka ce mata wannan abu ba addini ba ne. Suna ba ya hana mutuwa."

"Ba ya hanawa," in ji Kawu. "Zauna."

"Sha biyu jirgina zai tashi."

"Zauna, na ce. Ni na kai ka bisa jujin nan, ka sani? Ina da shekara ashirin, ina jin kunya kamar ƙasa ta tsage. Ko a lokacin ban yarda juji na raya mutum ba. Allah ne ya raya ka. Amma yayata kwana uku ta yi ba ta kalli fuskarka ba, wasu ke ba ka ruwa da cokali. Da na dawo da kai da toka a zanenka, ta karɓe ka ta ba ka nono."

"Wancan zamanin daban, Kawu. Ni na sha wuyar sunan, ba ku ba."

"Ka sha, ban musa ba. Zan kira ta in kana so, ta zage ni, ba yau aka fara ba. Amma ita uwar ɗiyar me ta ce?"

"Ta ce yadda na gani."

"Haka ta ce, ko haka ka tambaye ta?"

Zailani bai gane bambancin ba, kuma ba shi da lokacin ganewa. Amma Kawu ya rantse ba zai bar shi ya fita ba sai ya ci abinci, aka aika aka kawo dambu, sannan aka tsaya zaɓen goro, fari daban ja daban, aka naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu. Kafin ya kai tasha jirgin sha biyu ya tafi. Ya shiga na ƙarfe ɗaya.

Bayan awa guda da rabi jirgin ya tsaya tsakiyar gonaki. Aka yi sanarwa cewa akwai matsala a gaba, a yi haƙuri. Zailani ya miƙe ya je ƙarshen taragon, ya dawo, ya sake komawa. Shanu farare na kiwo can nesa, ko a jikinsu. Wata tsohuwa ta tambaye shi ko lafiya, ya ce an yi masa haihuwa, ta yi murna ta tambayi sunan jaririyar. Ya ce tukuna. Ya yi niyyar ya fara biyawa asibiti ya zauna da Balkisa ko minti goma ne. Da jirgin ya motsa bayan minti hamsin, ya san wannan ba zai yiwu ba.

Ƙarfe huɗu da minti ashirin da biyar ya shiga ofishin, gumi a goshinsa, buhun goro a hannu. Ma'aikaciyar, wata mai farin gashi da tabarau, ta karɓi takardun asibiti da katinsa, ta dubi agogo, ta miƙo masa takardar da zai cike. Ya rubuta ranar haihuwa da sa'a, ya rubuta sunan uwa da na uba. Layin sunan yarinya ya rage. Ya ɗora alƙalami, ya ɗaga. Ya roƙi minti biyu, ya koma gefen taga ya kira Balkisa.

"Abban Mika'il, ka iso?" Muryarta ƙasa-ƙasa, ana jin ƙarar na'urorin ɗakin jarirai a bayanta.

"Ina ofishin. Hamdiya zan rubuta. Kawu zai yi wa Inna magana, kar ki damu da ita."

Ya dubi agogon bango.

"Balkisa? Minti goma sha biyar suka rage."

"Ba Inna ba ce," ta ce. "Ni ce."

"Ke ce me?"

"Ni na kira ta ranar Litinin, na roƙe ta ta faɗa maka. Na san abin da sunanka ya yi maka, ban iya buɗe baki ba. Ka yafe mini."

Zailani ya jingina da bango. Balkisa da ta karanci lissafi har digiri na biyu, wadda ke yi wa Inna dariya a ɓoye kan maganar layu.

"Kin yarda da wannan abin?"

"Ban yarda ba. Na san Allah ne mai rayawa. Amma kwana biyar ke nan ban taɓa ta ba, Abban Mika'il. Kullum sai su ce in sa hannu ta ramin kwalbar, in ce musu ɗinkin na ciwo. Ƙarya nake. In na ce Hamdiya a raina sai in ga ƙaramin likkafani. Na gaji da sa wa ƙasa sunaye masu kyau."

Kullum yana ɗakin, kullum hannunsa na cikin kwalbar, yatsansa cikin tafin yarinyar, bai taɓa lura cewa hannun Balkisa na cikin mayafinta ba.

Ma'aikaciyar ta ɗaga kai ta nuna masa agogo da alƙalami, ba da faɗa ba.

"Ana iya rubuta biyu," ya ce. "Hamdiya a gaba, wancan a baya, inda ba mai gani."

"Na gaba shi ake kira a asibiti. Shi za su manna a jikin kwalbar."

"Shi kuma za a kira a lekwal. Akwai 'ya'yan Hausawa a unguwarmu ta Vaulx-en-Velin, Balkisa. Za su sani."

"Allah ya kai ta lekwal ɗin," ta ce. "Su yi mata dariya, ta dawo gida tana kuka, in share mata hawaye. Wallahi ina so."

Zailani ya tsaya da wayar a kunne. Ya koma teburin, ya ajiye buhun goro a ƙasa, ya ɗauki alƙalami. Ya rubuta Ayashe, ya rubuta Hamdiya a bayansa. Ma'aikaciyar ta buga a na'ura, ta fitar da takarda, ta ce ya karanta da kyau kafin ya sa hannu, don gyara bayan yau aiki ne babba. Ya karanta sau biyu. Ya sa hannu.

"Kina nan?" ya ce cikin wayar.

"Ina nan. Me ka rubuta?"

Ya faɗa mata, a hankali, sunan farko da na biyu. Ya ji ta ja numfashi mai tsawo, sannan ya ji ƙarar kujera.

"To, sai ka zo," ta ce. "Bari in je in wanke hannuna."