Hannun Imoro a Ƙafar Tebur

Tun da injin yanka katako ya cinye wa Imoro ƙaramin yatsan hannun hagu, ya kuma bar sauran a tanƙware, Masta Husseini ya daina kallonsa a matsayin kafinta. Sai ya tura shi bakin ƙofar shagonsu na Maamobi yana goge kujeru da sanfefa. Daga baya ma ya fito fili ya ce masa gadi ya fi dacewa da shi, bencinsa kuma za a ba wani mai yatsu cikakku. Wai tausayi ke nan. Imoro ya ji zafin wannan tausayi fiye da na injin.

Ana haka wata hajiya ta aiko da hoton teburin da take so: kowace ƙafa ta ƙare da faratan gaggafa sun damƙe ƙwallo. Duk shagon babu wanda ya taɓa sassaƙa irinta, har Masta ya yi shirin aika aikin Kumasi. Imoro ya ce a bar masa. Masta ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce to, in ya iya benci nasa ne, in ya kasa ya je ya nemi tocilan da sanda.

Ta farko da ya sassaƙa a guntun katako, abokan aiki suka rataye ta a ƙusa, suna tambaya ko a zuba ta a miya. Gaskiya suka faɗa, ƙafar kaza ce sak. Ta biyu ta fito kamar cokali mai yatsu. Ya hau trotro, motar haya, har Kasuwar Malam Atta ya sayo ƙafafun talotalo, ya tasa su gaba yana kallo, amma matacciyar ƙafa ba ta riƙe komai. Faratan suna kwance a kan ƙwallon kawai, babu damƙa.

Ranar ya biya ta wurin matarsa Zuera, mai sayar da lemo a bakin kasuwar, ya zauna fuska a murtuke. Ta miƙa masa lemo ɗaya. Bai ɓare ba, sai matse shi yake yi don haushi.

“Tsaya haka, kar ka saki,” in ji ta. “Dubi hannu naka. Uku a gaba, ɗaya a baya. Me kake nema wurin talotalo?”

Ya duba. Jijiyoyi sun tashi, gaɓoɓi sun fito, yatsun sun nutse cikin ɓawon. Hannun da yake ɓoyewa a aljihu in zai gaisa da mutane ke nan.

Ya koma shago da lemo cike da leda. Sai ya damƙi ɗaya ya ƙare masa kallo, ya ajiye, ya ɗauki ƙarfen sassaƙa da guduma. Ya fara fitar da ƙwallon, sannan ya rarake tsakanin faratan, ya bar jijiyar ta hau har idon sawu. Ƙarfen ya sha zamewa, ya yanke shi, ya ɗaure da tsumma ya ci gaba. Masu tsokana suka gaji suka koma leƙe.

Da ya ɗora ƙafar teburin ta gaske, ta katakon maɗaci, a gaban Masta Husseini, Masta ya daɗe yana jujjuya ta. Ya yi ƙoƙarin cusa yatsa tsakanin farce da ƙwallo, babu hanya. Can ya lura farcen tsakiya ya karkace, da ɗan tabo a gaɓarsa. Ya ɗaga kai ya dubi hannun Imoro, wanda yau ba ya cikin aljihu.

“Aiki ya yi,” in ji shi a hankali. “Amma wannan karkataccen, miƙe shi. Hajiya ba zai so ba.”

“Masta, shi ne ya riƙe ƙwallon. Ba na miƙe shi.”

Imoro bai jira amsa ba. Ya kwashe kayan wani da aka riga aka jibga a kan bencinsa ya zube su ƙasa, ya ɗaure katakon ƙafar tebur ta biyu a kai, ya ɗauki lemo da hannun hagu.