Auta a Layin Masu Lafiya

Ni da hannuna na rubuta sunan ƙanwata Auta a layin masu lafiya. Da wannan na fara don kada wani ya ɓata tausayinsa a kaina.

Shekarata shida ina aikin jinya a sashen binciken ciwon da muke kira ME. Cikakken sunansa sai likitoci, ni har yau harshena yakan harɗe. Ciwo ne mai zare wa mutum ƙarfi. Ya yi ɗan aiki yau, ko da wanka ne, gobe ko jibi sai ya zube kamar an cire wa rediyo batir, kuma barci ba ya wartsake shi. A yi gwajin jini na yau da kullum a ga komai lau, shi ya sa dangi suke ce musu ragwaye. Sau nawa na tsaya a baranda ina wanke 'yan'uwan marasa lafiya tas a kan wannan kalmar? Allah kaɗai ya sani.

Asibitoci huɗu ne muka haɗa hannu, kowanne a ƙasarsa, kuma aikinmu iri ɗaya. Mutum zai hau keken gwaji da takunkumi a fuska, na'ura tana auna numfashinsa, mu ɗebi jini kafin ya hau da bayan ya sauka. Washegari ya sake hawa. Mai lafiya yakan maimaita abin da ya yi jiya. Mai ciwon kuwa a rana ta biyu yakan yi ƙasa sosai. Mu ba ma ganin sakamakon. Na'urar tana tura shi kai tsaye wurin wata farfesa a ƙasar da ake haɗa alƙaluman, ita kuma lamba kawai take gani, ba suna.

Marasa lafiya ba su taɓa yi mana wuyar samu ba. Masu lafiyar da za a kwatanta su da su ne aiki. Ƙa'ida ta ce sai masu lafiyar da ba sa motsa jiki, 'yan zaman kujera, don kwatancen ya yi daidai. Ranar da Likita, shugaban sashenmu, ya ce saura mutum ɗaya mu cike adadi, dariya na yi.

Na ce, "Likita, in dai wadda ba ta motsi ake nema, ai ina da sarauniyarsu a gida."

Auta malamar firamare ce a da. Shekara biyu da suka wuce ta yi wani zazzaɓi, ta warke, amma ba ta koma daidai ba. Ta fara fashin aiki, daga baya ta ajiye shi gaba ɗaya ta tare a ɗakin Mama. Sau uku na kai ta gwaji, komai lau. Na ce wa Mama shagwaɓa ce, ke kika lalata ta. Za ku ce ta yaya ban gane ba? Marasa lafiyarmu da takardar likita suke zuwa, wasu a keken guragu. Auta kuwa na san ta tun tana kukan ƙarya don kada ta yi wanke-wanke.

Fam ɗin tantancewa ma ni na cike mata, a tsaye, ina sauri. Inda aka tambaya ko tana yawan gajiya na zana a'a ban ko ɗago kai ba. Ta karɓi biro ta sa hannu. Na ba ta lamba arba'in da ɗaya.

Ranar farko ta tuƙa keken har ta ba ni mamaki. Rana ta biyu leɓenta ya yi fari, ƙafafunta suna rawa, na tsaya a kanta ina cewa ta daina ba ni kunya a gaban abokan aikina. Ta tuƙa har sai da aka sauko da ita. Daga ranar ba ta ƙara fita ƙofar gida ba. Na ce raki ne. Na kafa wa Mama doka: kullum da rana a tashe ta, ta yi zagaye ashirin a baranda, jikinta ya saki.

Bayan mako uku muka zauna taron da muke yi ta allon kwamfuta. Fuskoki huɗu, kowa a ofishinsa, wani da rigar sanyi, mu fanka tana kaɗawa. Ina gefe ina jera kwalaben jini a tire, rabin hankalina ne a wurin. Sai na ji Farfesa ta ce tana da tambaya ga asibitinmu.

Ta ce, "Lamba arba'in da ɗaya. Kun saka ta cikin masu lafiya. Kun tabbata ba a yi musayar lamba ba?"

Likita ya juyo ya dube ni. Nan take raina ya ɓaci. Na matso gaban allon na ce shekara shida ban taɓa rikita lamba ba, ni na manna ta, ni na ɗora mutumin a keke.

Farfesa ta gyara tabarau ta ce, "To shi ne abin da ya tayar mini da hankali. A rana ta biyu wannan mutum ya yi ƙasa fiye da yawancin marasa lafiyarmu na ƙasashe huɗun."

Na ce, "Ƙila ba ta ba da himma ba ne. Na san halinta."

Wani likita daga wata ƙasar ya girgiza kai. Ya ce shi ma ya bi alƙaluman sau biyu. Abin da suke dubawa ba a iya yinsa da gangan, numfashi ne yake nuna shi tun kafin mutum ya kai ga cewa ya gaji. Kuma wannan mutum ya tuƙa iya ƙarfinsa duka kwana biyun, na'urar ta nuna.

Farfesa ta ce, "Ba zan sa wa ciwo suna daga nesa ba. Amma a sa likita ya gan ta yau. Kafin nan kada a bari ta wahalar da jikinta ko kaɗan. Yaya take tun bayan gwajin?"

Tiren ya karkace a hannuna, kwalba biyu suka gangara ƙasa. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba. Likita ya yi ƙasa da murya ya ce, "Sista, wace ce arba'in da ɗaya?"

Na ce, "Ƙanwata ce."

Ban ma cire rigar aiki ba na tari mota. Ina shiga gida na same su a baranda, rana tsaka. Auta ta dafa bango da hannu biyu, idonta a rufe, Mama tana riƙe da ƙugunta tana ƙirgawa.

Mama ta ce, "Yauwa, ga yayarki. Yau bakwai kawai ta yi, na ce za ki yi faɗa."

Na ce, "Mama, sake ta. Kada ta ƙara taku ɗaya."

Na ɗauke ta cak, ashe duk ta zube, ba nauyi. Na kwantar da ita, na ja labule, na kashe rediyon Mama, duk abubuwan da nake koya wa dangin wasu. Na durƙusa a bakin gadon na gaya mata abin da Farfesa ta ce. Na zaci za ta firgita. Ko ido ba ta buɗe ba.

Da ƙyar muryarta take fita. Ta ce, "Na sani, Yaya. Tun bara. Takardun da kike zuwa da su gida, ina karantawa."

Na ce, "Kin sani? Kin san abin da keken yake yi wa masu ciwon, kika hau? Har kwana biyu?"

Ta daɗe tana tara numfashi. Mama tana tsaye a bakin ƙofa, ta rufe baki da gefen mayafi.

Auta ta ce, "In na faɗa ba za ki yarda ba. Na ce ƙila ki yarda da na'urarku."

Wata biyar ke nan. Har yau tana kwance nake ba ta ruwa, da cokali.