Kakin Soja Da Karin Guga

Ina shigowa na ga uwar yara ta yi wuf ta rage ƙarar rediyo, na san yau akwai magana.

Ni mai wanki da guga ne, shekara ashirin da shida ina sana'ar. 'Yata ta fari, wadda nake kira Uwata, ta samu aikin kula da tufafin 'yan wasa a wani fim na soyayyar soja da malamar asibiti a lokacin yaƙi. Aikinta na farko ke nan.

Ana gobe za a ɗauki fitowar ƙarshe, ta zo gida da kakin sojan a jaka. Na leƙa, duk taɓo da jirwaye, aljihu a yage. 'Yar mai wanki ta kai wannan gaban jama'a? Tana fita na wanke shi tas, na ɗinke aljihun, na sa sitaci, na goge, na mayar. Ashe kwana uku ta yi tana ɓata shi da gangan da ruwan shayi da ƙasa, don ya yi kama da wanda ya sha yaƙi. Sai a wurin aiki ta buɗe jakar, ba lokacin gyara.

"Ƙaro rediyon mana," na ce wa uwar yara.

Mai sharhin finafinai ne ke magana a kan fim ɗin, wanda bai daɗe da fitowa ba. "Bawan Allah ya yi wata takwas a rami, bama-bamai na sauka, ya fito da kari kamar wuƙa. Wa ke kai masa gawayin guga?"

Uwar yara ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa.

Washegari mai aski ya tare ni da jarida. Wata mai sharhi ta rubuta cewa tsabtar kakin alama ce ta zuciyar masoyi da yaƙi bai ɓata ba.

"Malam, ashe kai ma ɗan fasaha ne muna raina ka!"

Ban yi dariya ba, domin daraktan fim ɗin ya aiko cewa Uwata ta je ofishinsa, ga shi yana shirin sabon fim.

"Bari in bi ki in ce ni ne," na ce wa Uwata da za ta tafi.

"Baba, don Allah yi zamanka. Da ka tambaye ni ai da an huta."

Tun safe ta tafi, riga uku na kusa ƙonawa. Wane sharhin daraktan ya ɗauka, kuma ko zai sake ba ta aiki, har yanzu ban sani ba.