Motar Yari a Zaure

Motar ce ta tare ƙofa, shi ya sa aka kasa fito da Yari. Babu aljani a maganar, babu sammu.

Sadiƙu na zaune a ƙofar gidansa da hantsi, yana wa wata babbar riga aikin hannu, sai ya jiyo muryar Delu, matar maƙwabcinsa Yari, ta kan katanga.

"Malam Sadiƙu! Ku kawo ɗauki, Malam ya faɗi!"

Ya yar da allura ya ruga ko takalmi babu. Gidajensu manne suke a wani lungu na Ƙofar Jatau, katanga ɗaya ce tsakani. Yana shiga zauren Yari ya ci karo da motar, ja wur, kwance kamar kada a kan bulo, ba taya ko ɗaya.

Tsohuwar motar tsere ce ta Turai, mai kujera biyu. Yari direban ma'aikata ne, ya ƙare ƙuruciyarsa yana jan manya a hankali don kada barcinsu ya yanke. Da ya ajiye aiki ya gan ta a bayan wani gareji a Kaduna, hankalinsa ya tashi. Ya ba da motarsa Fijo mai dogon baya, wadda ke kai masu naƙudar unguwa asibiti, ya ɗora kuɗin sallamarsa a kai.

Ranar da aka kawo ta Sadiƙu bai ɓoye masa ba. "Yari, wannan ba mota ba ce, jinya ka sayo. Ina za ka yi tseren? Daga nan zuwa bakin rijiya?"

"Kai tsaya a kan allurarka," in ji Yari. "Ka ji kukan injinta kuwa? Ko zaki albarka."

Sau ɗaya ta hau kwalta. Tudun farko da aka yi don rage gudu ya yage mata ciki, baƙin mai ya tsiyaye, aka turo ta gida. Yari ya faɗaɗa ƙofar zaure aka cusa ta da baya, wai kada rana ta ci fenti. Kayan gyaranta babu a Sabon Gari, babu a Kano. Tayoyin ma cirewa aka yi aka aika Legas a nemo irinsu, shiru kake ji. Gindinta, da wani faffaɗan fiffike da ke tsaye a kansa, suka toshe ƙofar shiga cikin gida. Sai ɗan tsagi da mutum ke bi a kaikaice, ya shanye cikinsa.

Ta nan Sadiƙu ya kurɗa. Ya tarar da Yari kwance a tsakar gida, buta kife a gefensa. Baki ya karkace, hannun dama ya saki, ido biyu a buɗe. Ga shi ƙaton mutum, Allah ya yi masa jiki.

"Hawan jinin ne," in ji Delu, tana murza hannu. "Tun jiya nake cewa ya sha magani."

Mazan lungun duk sun watse, wasu gona, wasu kasuwa. Mutum biyu aka samu: Salisu mai shago, da Muntasir mai Keke Napep, wanda ya tsayar da kekensa a bakin lungu. Suka ciccibi Yari zuwa ƙofa. Kai ya shiga tsagin, kafaɗa ta ƙi. Suka gwada ta sama, fiffiken ya kusa taɓa kan ƙofa. Suka ajiye shi, suka sa kafaɗa a gindin motar su uku har jijiyar wuya ta fito. Ko gezau.

"A ɓalle fiffiken nan kawai," in ji Muntasir.

Yari ya damƙo rigar Sadiƙu da hannun hagu. Da ƙyar maganar ta fito. "Ka... bar... ta."

"Za ka mutu fa, Yari! Ita za ta bi ka kabari?"

"Ku fasa ta, Malam Sadiƙu," in ji Delu. "Ni na ce. In ya tashi ya yi faɗan da ni."

Sadiƙu ya ɗauko taɓaryarta ya maka wa fiffiken. Fenti ya tsage, amma ƙarfe ne a ƙarƙashi, ɗaure da kusoshin da duk unguwar babu mai abin kwance su. Ya ƙara. Taɓarya ta yi tsalle ta dawo. Duk bugu ɗaya sai Yari ya yi nishi kamar a haƙarƙarinsa aka sauke, hawaye na bin gefen bakin da ya mutu. Sadiƙu ya dube shi, ya jefar da taɓaryar.

"Ta gidana," ya ce. "Salisu, kawo diga."

Katangar ƙasa ce ta iyaye da kakanni, kaurinta ya fi kamu guda, ga damina ta jiƙa ta ta zama kamar danƙo. Suna sara, matar Sadiƙu na janye tukwanenta ta ɗaya gefen. Delu ta durƙusa tana yi wa mijinta fifita, tana kiran sunan Allah. Inuwar da yake kwance a ciki ta janye ta bar shi a rana, suna nan suna sara. Sadiƙu bai ƙara duban fuskarsa ba, ƙasar kawai yake kallo.

Da kafa ta samu suka ɗora shi a tabarma, suka ratsa ta tsakar gidan Sadiƙu har bakin lungu. A cikin keke kan Yari na kan cinyar Sadiƙu, ƙafafunsa na reto a waje.

"Ta... karce?" in ji Yari.

"Ba ta karce ba. Yi salati."

Ya motsa leɓe. Ba su kai ga fita ganuwa ba Sadiƙu ya ji kan ya ƙara nauyi.

"Malam, in ƙara wuta?" in ji Muntasir, bai waiwayo ba.

Sadiƙu ya shafe wa Yari ido. "Juya."

Ta wannan kafar aka shigar da shi aka yi masa wanka, ta nan makara ta fito. Da aka dawo daga maƙabarta babu zauren da zai ɗauki masu gaisuwa, na Sadiƙu cike yake da mata masu wucewa wurin Delu. Aka shimfiɗa tabarmi a lungu. Bayan la'asar hadari ya haɗo, ruwa ya sauko. Dattawa suka naɗe ƙafafu suka raɓe a jikin bango, indararo na zuba a gabansu, suna amsa "Allah ya jiƙansa" da jiƙaƙƙun riguna. Sadiƙu na cikinsu, tafin hannunsa duk ya sale. Daga inda yake zaune yana hango cikin zauren Yari, inda motar ke kwance a kan bulonta, ko ɗigo bai taɓa ta ba.