Janar Maidoki da sojan da ya kwanta cikin ciyawa

Saura kaɗan ban rubuta wannan ba. Karatuna bai yi nisa ba a lakwal, kuma ni ko sallama a taron maza ba ta fita bakina da ƙarfi. Amma Maidoki yana yawo yana ba da labarin yadda ya ga dama, shi ya sa na ce bari in faɗi nawa.

A ƙofar gidanmu a Filinge muna da fano mai kama hasken rana, ni ke yi wa mutane cajin salula. Don haka samarin unguwa suka mai da inuwar iccen bedinmu bariki. Wasan yaƙi suke yi a salula: jirgi ya zubar da tulin mutane a wani daji, a yi ta harbin juna, wanda ya rage shi ya ci. Shugabansu Maidoki ne, autan Inna Kubura, wanda ya naɗa wa kansa Janar. Ko kaza bai taɓa yankawa ba, amma ya kalli finafinan yaƙi har ya san yadda soja ke mutuwa: a hankali, ya yi dogon jawabi, ana kiɗa.

Yayana Baushe kuwa sojan gaske ne. Da damina ya dawo daga arewa da ƙafa, ba kaki, ba bindiga. Muka ce wa unguwa hutun jinya aka ba shi. Ni kaɗai ya gaya wa gaskiya. Yana gadi ya ga motsi a cikin sabara, tsoro ya sa ya yi harbi, ashe wani tsoho ne ke neman jakinsa. Daga nan ya ajiye bindiga ya kamo hanya. In jandarmomi suka ji, gidan kaso ne.

Wata rana, ɗaya daga cikin rundunar Janar ya tafi kasuwar Bonkuku, suka rasa cikon mutum. Maidoki ya miƙa wa Baushe salula.

"Babban yaya, zo ka gwada mana aikin da aka koya maka."

"Ku bar ni, ban iya ba."

Suka matsa masa har ya karɓa. Da aka zubar da su a daji, sai ya kai sojansa cikin ciyawa ya kwantar da shi. Ya ɗora salular a cinya ya ci gaba da ɓarar gyaɗa.

"Baushe, an harbe ni! Zo ka ɗauke ni!"

"Sannu, Janar. Allah ya ba da lafiya."

Janar ya mutu ba jawabi, ba kiɗa, yana zagin uwar rezo, wai layin salula ne ya ci amanarsa. Sauran suka bi shi. Mutanen dajin suka yi ta kashe juna, na ƙarshe biyun suka jefi juna da gurneti a lokaci guda. Salula ta yi kiɗan nasara. Sojan Baushe, wanda bai fitar da harsashi ko ɗaya ba, shi ya ci. Nasarar da Janar ya shekara yana nema ke nan.

Samari suka fashe da dariya har wani ya faɗo daga benci. Maidoki bai yi dariya ba.

"Wannan ba ci ba ne, gudu ne. Wanda ya bar janar ɗinsa ya mutu a salula, ya bar wani a fili." Ya dubi ƙafar Baushe. "Wai wace jinya ce ba ɗingishi, ba tari? Gobe da hantsi ina zuwa barikin jandarma in ji yadda ake ba soja hutu. Namijin da ya zauna gida ƙasa na yaƙi, zane ya kamace shi."

Baushe ya tattara ɓawon gyaɗarsa ya shiga gida. Ni kuma na naɗe wayoyin caji na bi bayansa.

Da safe, kafin rana ta hau kan fano, na ɗauki mayafi na tafi gidan Inna Kubura. Na same ta tana tankaɗe. Na durƙusa na gaishe ta, na ce na zo yi mata barka.

"Barkar mi, Hasiya?"

Ban ƙara kome a kan maganar Maidoki ba. Na ce jiya a gaban jama'a Maidoki ya rantse yau da hantsi yana zuwa barikin jandarma kan maganar soja. Na ce ya faɗa cewa namijin da ya zauna gida ƙasa na yaƙi, zane ya kamace shi.

Inna Kubura ta ajiye rariya, a zatonta autanta soja zai shiga. Ta je ƙofar ɗakin da Janar ke minshari, ta kwashe takalmansa ta jefa cikin rumbu, ta jawo turmi ta zauna a bakin ƙofar da taɓarya a cinya.

"In zane yake so, ina da su cike da akwati," in ji ta.

Na ce Allah ya bar mata shi, na koma na goge ƙurar fano.