Fuskokin Kawu Guda Shida

Kawuna, autan su mahaifiyata, yana da kamfanin wanki da guga, ni ce nake kula masa da shafinsa na intanet. A shafin akwai fom da masu kawo kaya ke cikewa: suna, adireshi, yawan kaya, sai wani akwati a ƙasa inda mutum zai rubuta yabo ko ƙorafi. Akwatin nan kullum a wofi yake dawowa. Shi ya sa na kawo shawarar a jera 'yan fuskokin nan rawaya a ƙarƙashinsa, mai murmushi, mai fushi, mai kuka, mutum ya danna wadda yake so ta faɗa cikin saƙonsa.

Aikin bai ci mini rabin yini ba. Na tara hotunan wuri guda, na ba kowanne 'yar gajeriyar alama, na rubuta layukan umarnin kwamfuta da za su jefa alamar cikin akwatin idan an danna, shafin kuma ya mai da ita hoto wurin karantawa. Na gwada a kwamfuta, na gwada a waya, komai lafiya lau. Sai na kira Kawu ya gani.

Ya sunkuyo kan allon, ya daɗe yana kallo.

"Injiniya, waɗannan ƙwallayen fuskar wa ce?"

"Ta kowa ce, Kawu. Kowane shafi da su yake aiki."

"To ni ba na son ta kowa. Shekara ashirin fuskar wa aka sani a kamfanin nan?"

Na yi dariya, na zaci wasa yake. Shi ko gezau.

Washegari bayan ya ci abincin rana ya sa aka rataya farin zanin gadon wani mai kawo wanki a ɗakin guga, ya tsaya gabansa, ya ce in ɗauka. Ɗakin nan tururi ne kawai ke tashi. Gumi na bin wuyansa yana shiga kwalar riga. Ya yi mini murmushi, ya yi dariya, ya ɗaure fuska, ya taɓe baki wai kuka. Sannan ya zaro harshe ya yi gwalo. Na ƙarshe kuma ya lumshe ido, ya turo leɓe gaba.

"Wannan fa, Kawu?"

"Ta masu godiya ce. Ɗauki mana."

Masu guga uku suka duƙufa kan aikinsu, kafaɗunsu na rawa.

Abin da ban hango ba shi ne yankan hotunan. In za a raba kai da zanin da ke bayansa, dole a ƙara girman hoto sau takwas, a bi gefensa a hankali. Na yi sa'a uku hancina na kusa da hancin Kawu. Na san gashin da ke leƙowa daga cikinsa ɗaya bayan ɗaya. A hoton dariya akwai zaren nama maƙale tsakanin haƙoransa na ƙasa, da wata farar kumfa a kusurwar baki. Harshen kuwa, Allah ya sani ban taɓa zaton harshen mutum na da ramuka haka ba, ga wani fari-fari da ya kwanta a kai kamar madara ta kwana a kofi. Na buɗe kwanon abincina, na kalle shi, na rufe. Sau biyu na tashi na wanke hannu alhali ban taɓa komai ba sai linzamin kwamfuta.

Na goge naman, na share gumin, na rage gashin hancin. Da ya gani sai ya ɓata rai.

"Kin mai da ni kamar ɗan tsana. Mayar mini da fuskata yadda Allah ya yi ta."

Naman kaɗai ya yarda in cire. Ya kuma ce hotunan sun yi ƙanana, ba a bambance kukansa da dariyarsa, a ninka girmansu. Na ce masa a waya za su ture maɓallin aikawa, har ya manne da fuskar ƙarshe. Ya ce ai aikina ke nan, ba nasa ba.

Haka muka saki shafin. Akwatin da a da ba mai kula shi ya cika. Kowace safiya in na buɗe saƙonni, harshen Kawu ne ke tarbata. Wani ya jera gwalo arba'in ba kalma ko ɗaya. Wata ta rubuta cewa an ƙona mata hannun riga, ta bi shi da kukan Kawu layi uku. Na daina shan shayi a teburina. Shi kuwa sai ya ja kujera ya zauna kusa da ni yana ƙirgawa, yana cewa, "Kin gani? Mutane na sona." Har ya fara tambaya ko za a iya sa harshen ya riƙa motsi.

A mako na biyu mahaifiyata ta cike fom ɗin don a zo a ɗauki labulenta. Ba ta sa tabarau ba. Ta kai yatsa wurin aikawa, ta danna leɓen ƙanenta sau huɗu kafin saƙon ya tafi. Da ta sa tabarau ta ga abin da ta aika, ba ta kira kowa ba, ta shiga mota ta zo.

Ta same shi a gaban kantar karɓar kaya, ma'aikata na tsaye. Ta ɗaga wayar har kusa da idonsa.

"Auta, wannan bakin waye?"

"Yaya, talla ce. Zamani ne ya..."

"Matan mutane kake turo wa baki? Da furfurarka? Ni tun kana cikin zani nake goge maka hanci, ban taɓa jin ƙyama irin ta yau ba." Ta juyo kaina. "Ke kuma da karatunki kika zauna kika yi masa wannan?"

Na ce umarni aka ba ni. Ta ce ita ma ga nata umarnin, kuma ba za ta tafi ba sai ta ga an cire. Ta zauna a kujerar Kawu, jakarta a cinya, na mayar da fuskokin rawaya cikin minti goma.

Kawu ya yi kwana tara ba ya amsa gaisuwata. A na goma ya leƙo ofishina ya ce in tura wa mai buga takardu hotunan shida, manya, ba waɗanda na ƙanƙanta ba. Na tura, ban tambaya ba.

Yanzu suna jikin motar kai kaya, uku a kowane gefe, kowanne ya kai girman ƙofa. Direban ya roƙe ni in sa baki, ya ce in ya tsaya a danja ba ya iya kallon mutane. Na ce masa ya je ya samu mahaifiyata, na rubuta masa lambarta.